Tsofaffin Tayuri da Dogon Dare

A Tayurin da na tashi a cikinta ba a kai tsoho asibiti don ya kasa barci. Ciwon gwiwa ciwo ne, hawan jini ciwo ne, yanar ido ma haka. Amma dattijo ya farka ƙarfe biyun dare, ido ya ƙeƙashe har kiran assalatu, wannan ba wanda ke kiransa cuta. Tsufa ne, tare yake zuwa da furfura. Abin da ya sa ba a ɗauke shi da zafi ba kuwa, unguwar tana da aikin da take ba irin waɗannan idanu.

Ga wanda bai san wurin ba, Tayuri unguwa ce a gefen Sabha, babban birnin Fazzan a kudancin Libiya, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Tarabulus. Buzaye da Tubawa ne suka fi yawa a cikinta, mu Hausawa muna tsakaninsu tsilli-tsilli, akasari mutanen Damagaram da Tawa da Maraɗi da Agadas. Gidajen bulo ne marasa shafe, wasu na laka, wasu na kwano da duk abin da hannu ya samu. Lunguna ba kwalta, ruwan kwata na bin tsakiyarsu. Ba zan yi mata kwalliyar ƙarya ba, da rana Tayuri ba ta da abin nunawa. Sai dare ya yi kyanta ke fitowa, a wancan zamanin dai.

Kakana daga Damargu ya zo, bayan farin 1984. Da can in damina ta ƙi, Kano ake gangarawa cin rani. A waccan shekara kuwa gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin Najeriya, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. Kudu ta toshe, sai aka fuskanci arewa: Agadas, Dirku, Madama, Tummo, Gatrun, a saman manyan motocin kaya, kowa da jarkar ruwansa naɗe da buhu. Ya iso Sabha shekaru sun riga sun ja, ba ya jin Larabci, ba ya iya ɗaukar bulo wuni guda. Aikin da ya rage wa irinsa shi ne gadi. Ya tsare gonar dabino da albasa ta wani Balarabe a bayan gari, daga baya ya koma wani sito na siminti, har ya tara abin da ya ɗauko iyali. Da ƙarfi ya ƙare ya ajiye sanda da tocila, barcin dare bai biyo shi gida ba. Yakan ce ya sayar wa Larabawa da shi, kuma bai ga alamar za su dawo da ciniki ba.

Ba shi kaɗai ba ne. A bakin lungunmu, gaban wani shago da ake sayar da burodi da taliya da tumatirin gwangwani, akwai ɗan fili mai yashi. Bayan isha'i dattawa za su saurari shirin dare na BBC, wanda ke zuwa mana a makare saboda agogon Libiya ya wuce na gida da awa guda, sannan kowa ya shige ya ɗan rintsa. Wajen sha biyu zuwa ɗaya sai ka ji jan takalmi da gyaran murya. Wanda ya riga farkawa shi ke shimfiɗa tabarma ya hura gawayi. Ba a kiran kowa, ba a buga ƙofar kowa, hayaƙin ya isa sanarwa.

Shayi a hannun wani dattijon Buzu yake, mutumin Azawak, wanda ban taɓa ganin bakinsa ba, don ko kurɓa zai yi ta ƙarƙashin amawali yake tura kofin. Koren shayi ne, dahuwa uku, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa har kumfa ta cika rabin kofi. Ranar da aka samu gyaɗa sai a zuba a na ƙarshe, yadda mutanen Libiya ke yi. Akwai wani Batube, tsohon direban hanyar Gatrun, mai dogon shiru, wanda in ya buɗe baki sau ɗaya a dare to an gama maganar. Akwai Ba'adare mai rediyo da gardama, shi kuma in ya yi shiru sai a tambaye shi ko lafiya. Da Hausa ake hira a tabarmar, domin ita ce ta haɗa Buzun da Batuben. Larabci sai in za a tsine wa farashin sukari. Goro yana da tsada, kafin ya ƙetaro sahara ya yi yaushi, saboda haka ƙwaya guda ake fasawa ta zaga kowa.

Labarin da aka ji bayan isha'i shi ake kwana da shi, a farka a tauna. Daren da aka ce an harbe Shugaba Ba'are Mainasara a filin jirgin Yamai, cikin Afrilun 1999, ko barcin farin ba wanda ya je. Wata biyu bayan nan aka ce Shata ya rasu. Ba'adaren ya fito da kaset, Buzun da ba ya ƙaunar kalangu ya ƙyale aka sa ƙasa-ƙasa, Kaka kuwa bai ce komai ba, carbinsa kawai yake ja.

Ni kuma yaro ne mai satar fita. In na ji motsin Kaka sai in lallaɓa ta bayan randa in bi shi.

“Aboki, kai kuma wa ka sayar wa naka barcin?”

“Kaka, kai na zo gadi, kada a sace ka.”

“To kama fifita, ba a shan shayin rago.”

Ladana kofin ƙarshe ne, mai zaƙi, da kuma abin da kunne ya tsinta. A nan Buzun ya koya mini duba lokaci da sama. In Kaza da 'ya'yanta sun karkata zuwa kaza, saura kaza asuba. In gamzaki ya fito a tashi a yi alwala. Saman Fazzan ba gajimare, kuma unguwarmu ba ta da fitilun titin da za su disashe taurari. Lokacin zafi hirar takan yi tsawo, domin ɗaki ba ya kwantuwa. Lokacin sanyi, wanda a Sabha yakan sa ruwan alwala ya gagari hannu, sai a ja tabarmar cikin zauren Batuben, kowa da bargonsa. In iskar gibli ta taso da rairayi ne kawai ake fasawa.

Yanzu ga aikin da na ce unguwa na ba su. Motocin Agadas da dare suke shigowa, su zube mutane a bayan gari, jikinsu fari fat da ƙura, leɓe a tsage. Baƙo yana tafe yana dube-dube sai ya hangi jan garwashi, ya matso ya yi sallama da Hausa, aka amsa masa da Hausa. A ba shi ruwa, a tambaye shi garinsu, kafin gari ya waye an san ɗakin 'yan garinsu an raka shi. Naƙuda ta kama mace ƙarfe uku, ba sai an yi ta buga ƙofofi ba, Batuben ya san direban da motarsa ke da mai. Wayar wuta ta yi tartsatsi a kan rufin kwano, su ke fara gani. Da azumi su ke tashin mutane sahur. In an yi rasuwa da dare, kafin masu gida su gama salati dattawan sun riga sun raba aiki, wa zai nemo likkafani, wa zai tashi samarin haƙa. Ɓarawo kuwa ya san lungun da ba a shiga. Ba wanda ke biyansu ko dirhami, amma da safe in ka ga tsoho yana gyangyaɗi a inuwa ba ka ce masa malalaci, ka san inda darensa ya tafi.

Tsofaffi mata ba sa zuwa tabarma, nasu daren a tsakar gida yake. Kakata, Inna, ƙosai take toyawa leburorin da ke fita da asuba su zauna bakin titi da shebur da guduma suna jiran mai ɗaukar aikin yini. Tun sulusin dare take tashi ta surfa wake, maƙwabciyarta Buzuwa ta leƙo ta kan katanga, su yi ta magana ƙasa-ƙasa a kan 'ya'ya da jikoki da wanda bai aiko saƙo ba. Jikan da ya farka da kuka wurinta ake miƙa shi, uwar ta koma barci. Tatsuniyoyin da na sani rabinsu a irin wannan lokaci na ji su, ina kwance a kan zanenta, turmi na amsawa. Ban taɓa jin Inna ta ce ba ta yi barci ba. Cewa take ta riga kowa tashi.

Kada in cika yabo. Ba daɗi ne ya hana su barci ba. Shagunan da ake kira jam'iyya, masu sayar da fulawa da shinkafa da mai da sukari a farashin gwamnati, sai mai littafin iyali suke ba wa, mu kuwa ba mu da shi. Kame da kora suna zuwa lokaci-lokaci. A Satumban 2000, da aka far wa baƙaƙen fata a Zawiya, can kusa da Tarabulus, duk wanda ke da ɗa a arewa bai ga barci ba. Damuwa tana nan, sai dai akwai inda ake kai ta a sauke, a gaban mutanen da ke ɗauke da irinta.

Abin da likitocin barci ke faɗa bai saɓa wa abin da na gani a tabarmar ba. In shekaru suka ja, barci mai nauyi yana raguwa, ƙaramin motsi ya isa ya tashi mutum. Agogon jiki yana matsowa gaba, a ji barci da wuri a kuma farka da wuri, sinadarin melatonin da ke gaya wa jiki dare ya yi shi ma yana ja baya. Ga fitsarin dare, musamman ga maza masu kumburin furostet da masu ciwon suga, ga sanyin ƙashi, ga ciwon damuwa da ba a cika gane shi a jikin tsoho ba. Wani masanin tarihi Ba'amurke, Roger Ekirch, ya fitar da littafi a 2005 inda ya nuna cewa kafin fitila ta game biranen Turai, mutanen can ma biyu suke raba barcinsu, su farka tsakiya su yi addu'a ko hira sannan su koma. Su Kaka ba biyu ba, uku suke raba nasu: bayan isha'i, bayan lazimin asuba, sai ƙailula. In ka haɗa lissafi ba su yi asara mai yawa ba. Tsakiyar kuma addini ya riga ya ba ta daraja, tsohon da ya tashi nafila a sulusin dare na ƙarshe ba abin tausayi ba ne a idon kowa.

Kaka ya rasu kafin juyin 2011, kuma ina ganin an yi masa gata. A shekarar nan duk baƙar fata ya zama abin zargi, ana ce masa sojan hayar Gaddafi. Dubun-dubatar 'yan Nijar suka koma gida, Ba'adaren na cikinsu, da rediyonsa. A Maris na 2012 faɗa ya ɓarke tsakanin Tubawa da ƙabilar Aulad Sulaiman, cikin 'yan kwanaki aka kashe kusan mutum 150, kuma Tayuri na daga cikin inda rokoki suka fi sauka. Aka sake a Janairun 2014. Mafi ciwo a gare mu shi ne na Yulin 2015, lokacin da yaƙin garin Ubari tsakanin Buzaye da Tubawa ya malalo cikin Tayuri kanta, lungu da lungu. Buzun da Batuben ba su yi faɗa da juna ba, tsufa ma ba zai bar su ba, amma jikokinsu sun yi, kuma daga nan ba a sake shimfiɗa tabarmar ba. An sa hannu a kan sulhu a Doha a Nuwamban shekarar, sai dai takarda ba ta hura gawayi. A 2018 kuma aka shafe watanni ana ɓarin wuta a kan tsohuwar ganuwar Italiyawa da ke bisa tudu, wadda hotonta ke jikin tsohuwar takardar dinari goma, harsashi na faɗowa cikin gidaje. Garwashin da a da ke kiran baƙo ya zama abin da zai nuna wa mai bindiga inda kake.

A cikin waɗannan shekaru ne mahaifina ya tsufa. Ya gaji rashin barcin ubansa, bai gaji tabarmar ba. Yakan farka a lokacin da Kaka ke farkawa, amma a ɗaki mai ƙofar ƙarfe da sakata biyu. Wuta ta ɗauke, wani lokaci kwana da kwanaki, a garin da zafinsa ke wuce digiri 40. Injin maƙwabci mai hali yana ruri, fanka a tsaye. Ya zauna bakin katifa yana tantance ƙara, wannan na biki ne, wannan na faɗa ne. Inna, wadda ta kai waɗannan shekarun, ta daina ƙosai don ba leburan da ke fita da asuba. Da mayafinta take kwana, takardunmu a ƙulle cikin leda ƙarƙashin matashi. A bakinta na fara jin kalmar da ban taɓa ji ba: “Ɗan nan, dare ya yi mini yawa.”

Abin da ke zagaya kan tsoho a irin wannan dare ba ɓoyayye ba ne. Ya yi aiki shekara da shekaru a ƙasar da ba ta san da shi ba, ba fansho, ba takardar zama. Abokansa Buzaye ma, waɗanda wasunsu a nan aka haife su, da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2013 da yawa ba su samu ba, albashi da fasfo suka gagara. 'Ya'ya sun watse, wani a Tarabulus, wani an ce ya hau teku. Sai babbar tambayar da ba a yi da rana: a ina za a binne ni? In ya koma Damargu gonar tana hannun 'ya'yan ƙannensa, kuma da wane ido zai shiga gari hannu rabbana? In ya zauna, wa zai tsaya a kan kabarinsa?

Ana cewa dare mahutar bawa. Na ga bayin Allah da dare ya fi rana gajiyar da su.

Magani kuwa bai yi wuya ba, abin da ya yi muni ke nan. A garin da turamol ke yawo a aljihun samari, ƙwayar barci ba ta buƙatar takardar likita. Wani ya kawo wa Baba diyazefam, ya ce rabi kawai. Kwanakin farko ya yi barci har da minshari, muka yi murna. Daga baya rabi ya daina aiki, da rana yana layi, yana mance inda ya ajiye carbi. Wani dare ya tashi fitsari cikin duhu ya zame, Allah ya taƙaita abin a tsagewar goshi. Irin wannan ƙwaya tana daɗewa a jikin tsoho fiye da na yaro, tana kawo jiri da ruɗewa da faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga mai shekaru sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe. Kuma ba a yanke ta rana ɗaya, a hankali ake janyewa. Lokacin ma zuwa babban asibiti daga Tayuri sai an duba wa ke riƙe da hanya.

Da ƙura ta lafa muka kai shi wurin wani likita mai haƙuri. Ya duba suga, ya duba mafitsara, ya ce a rage ruwa da shayi bayan la'asar, a taƙaita ƙailula, a riƙa tashi lokaci guda kullum, a fita a sha hantsi. Sannan ya ce, “Ya Hajji, in ka kwanta barci ya ƙi zuwa, kada ka yi ta juyi. Tashi ka bar shimfiɗar, ka yi wani abu mai kwantar da rai, sai ka ji shi ka dawo.” Shawara ce ta gaskiya, ita ce ma ginshiƙin abin da masana ke fifitawa a kan ƙwaya. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce, “Likita, na ji. In na tashi, in je ina?”

Likitan bai da amsa, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ya rubuta mana a takarda shi ne abin da su Kaka ke yi ba tare da kowa ya rubuta musu ba, banda shayin, wanda a nan kam ba zan kare su ba: kofin fari na Buzun nan zai iya hana jaki barci. A ganina tsufan bai canza ba, idon Baba da na Kaka iri ɗaya ne. Wurin zuwa ne aka rasa. Tsohon da ya farka ya tarar da mutane da aiki, gajeren barci gare shi. Wanda ya farka ya tarar da bango huɗu da tunani, shi ne mara lafiya. Kuma ba sai an yi yaƙi ba. Na ga irin haka a sababbin unguwannin Kano da Yamai, inda aka ɗauko tsoho daga ƙauye don a kyautata masa, aka sa shi a ɗaki mai tayil da talabijin bayan dogon gini da ƙofar ƙarfe, ba zaure, ba dakali, masallaci sai da mota. 'Ya'yan suna mamakin me ya rasa.

Tun da sojojin Janar Haftar suka shiga Sabha a farkon 2019 harbe-harben sun ragu, ko da yake ba wanda zai ce maka an koma kamar da. Samari sun dawo da hirar dare a bakin shaguna, kowa fuskarsa a kan waya. Sa'o'in Baba kuwa sun ƙare, wasu ƙasa ta rufe, wasu suna Tanut da Tawa da Agadas. Wani jikansa ya koya masa aika murya ta WhatsApp, sai ga shi tsofaffin masu gadin Sabha sun sake haɗuwa a can, kowa daga ɗakinsa. Da safe nakan tarar da saƙonninsa na ƙarfe uku: gaisuwa mai tsawo, farashin gero, wanda ya rasu, addu'a. Wani ya amsa daga Tanut ƙarfe biyu nasu. Ya fi babu, amma ba mai miƙa wa wani kofi, kuma in intanet ta ɗauke shi ke nan.

Ƙwayar dai ya bar ta. Shayi kuma sun yi ciniki da likita, ya saki kofin fari da na biyu bayan la'asar, na uku ya ce ko hukuma ba ta isa ba. Tun da Nijar ta soke dokar hana jigilar baƙin haure a ƙarshen 2023 motocin Agadas suka dawo fili, muke ta roƙonsa ya hau ɗaya ya koma gida, ga ɗaki an gina masa mai ƙofa a waje, kusa da masallaci, inda tsofaffi ke zama. Bara ya ce sai an gama yankan dabino, akwai bashinsa a hannun wani mai gona. Bana da na tuna masa, ya ce mai gonar ya biya rabi.